Darasi na Tara: Siffofin da Ke Maimaita Kansu

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da siffa mai maimaita kanta, wato firaktal;
2. gane irin wannan siffa a itatuwa da rafuka da jikin mutum;
3. zana firaktal da hannunsa, ya kuma lissafa yadda take ƙaruwa;
4. faɗin dalilin da ya sa tsawon gaɓar ruwa yake canzawa idan aka canza ma'auni.

Kayan aiki: ganyen zogale ɗanye guda ɗaya, takarda, fensir, rula, da igiya ko zare.

Mu fara da zogale

Ku ɗauki ganyen zogale cikakke, tun daga inda ya manne da reshe, ku shimfiɗa shi a kan tabarma. Akwai kara ɗaya a tsakiya, kuma daga jikinsa wasu ƙananan karare sun fito bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ku tsinke ɗaya daga cikinsu, ku ajiye shi kusa da babban. Shi ma yana da kara a tsakiya, shi ma 'ya'ya sun fito masa dama da hagu. A ganyen da ya ƙosa, idan kuka sake tsinko ɗan ƙarami daga gindin wannan na biyun, za ku tarar da tsari iri ɗaya a karo na uku. Matan da ke gyaran zogale don kwaɗo suna ratsa waɗannan hawa uku da yatsunsu kullum.

Da a ce an ɗauki hoton babban ganyen da na ƙaramin, aka buga su da girma ɗaya, sai mutum ya tsaya ya duba da kyau kafin ya bambanta su. Wannan shi ne tushen darasinmu: abin da in ka yanki ɓangarensa ka faɗaɗa shi, sai ya ba ka kamannin dukkan abin.

Goruba ta fi sauƙin lissafi. Yawancin dangin dabino da giginya gangar jiki ɗaya suke yi su miƙe sama, ita kuwa goruba rabuwa take yi biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Daga 1 sai 2, sai 4, sai 8, sai 16. Goruba takan tsaya bayan 'yan rabe-rabe kaɗan. A takarda kuwa babu mai tsayar da mu: rabuwa 10 tana ba da rassa 1,024, rabuwa 20 tana ba da 1,048,576. Umarnin bai wuce kalmomi huɗu ba, “kowane reshe ya rabu”, amma ga inda ya kai mu.

Daga ina sunan ya fito?

Kalmar firaktal ba ta daɗe a duniya ba. Wani masanin lissafi mai suna Benoit Mandelbrot ne ya ƙirƙiro ta a 1975, daga wata kalmar Latin mai ma'anar abin da ya karye ko ya farfashe. An haife shi a birnin Warso na ƙasar Polan a 1924, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Faransa a 1936, daga baya ya koma Amurka ya kama aiki da kamfanin IBM a 1958. Ya rasu a 2010.

Lissafin siffofi da aka gada daga Girkawa, wanda ake koyarwa a makaranta har gobe, ya ginu ne a kan miƙaƙƙen layi da da'ira da alwatika da murabba'i. Da shi magini yake fitar da kusurwar ɗaki, da shi tela yake yanka yadi. Amma idan aka ce a kwatanta kwazazzabon da ruwa ya ci a bayan gari, ko tsagewar laka a busasshen tafki, ko walƙiya a daren damina, waɗannan siffofi masu santsi ba su isa ba. Mandelbrot ya lura cewa abubuwan da ake gani kamar ba su da tsari suna da nasu tsarin, kuma sau da yawa tsarin shi ne maimaita siffa ɗaya daga babba zuwa ƙarami. Ya tattara wannan tunani a littafin da ya fitar a 1982 kan lissafin firaktal a cikin halitta.

Gaɓar da ta ƙi aunuwa

Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, yana binciken abubuwan da ke haddasa yaƙi tsakanin ƙasashe, sai ya so ya san ko tsawon iyakar da ke tsakanin maƙwabta yana da hannu a ciki. Da ya buɗe littattafai ya tarar da abin mamaki. A lissafin Sifen, iyakarta da Fotugal kilomita 987 ce. A lissafin Fotugal kuwa, wannan iyaka ɗaya kilomita 1,214 ce. Bambancin ya kai kilomita 227, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ma'aunin da kowa ya ɗauka ne ya bambanta.

Ku kwatanta da bakin tafkin garinku. Mutum na farko ya zagaya shi da doguwar gora mai tsawon gaba uku. Duk wani lungu da bai kai tsawon gorar ba, tsallake shi zai yi. Na biyu ya auna da kamu, zai shiga lungunan da na farko ya tsallake, don haka adadinsa zai fi yawa. Na uku ya auna da taƙi, ya bi kowane dutse da kowane sawun saniya, nasa zai fi na biyun. Tururuwa kuma, da ke hawa kowace tsakuwa ta sauka, tafiyarta ta fi ta kowa nisa.

Idan bangon ɗaki ake aunawa, ko da me aka auna amsa ɗaya za a samu, sai dai ɗan kuskuren hannu. Gaɓar ruwa ba haka take ba, domin kowane lungu yana da ƙananan lunguna a cikinsa, su ma suna da nasu. A 1967 Mandelbrot ya ɗauki binciken Richardson ya rubuta maƙala a mujallar Science, wadda take tambayar nawa ne tsawon gaɓar tekun Birtaniya. Amsarsa ita ce, ba a faɗin tsawon irin wannan layi sai an faɗi girman sandar da aka auna da ita.

Mu gina firaktal da hannunmu

Tun kafin a sami sunan, masana lissafi sun ƙirƙiri siffofi irin waɗannan a takarda. A lokacin, da yawa sun ɗauke su a matsayin baƙin abubuwa marasa amfani. Za mu koyi biyu daga ciki.

*Layin Koch.* Helge von Koch ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana shi a 1904. Ga yadda ake yi:

1. Ja miƙaƙƙen layi.
2. Raba shi kashi uku daidai.
3. Goge kashin tsakiya, ka maye gurbinsa da layi biyu masu tsawo irin nasa, su haɗu a sama kamar jinkar ɗaki.
4. Yanzu kana da guntaye huɗu. Yi wa kowannensu abin da ka yi wa na farko, ka ci gaba.

Mu ce layin farko santimita 81 ne. Ga abin da ke faruwa:

- Mataki na 1: guntaye 4, kowane santimita 27, jimilla 108.
- Mataki na 2: guntaye 16, kowane santimita 9, jimilla 144.
- Mataki na 3: guntaye 64, kowane santimita 3, jimilla 192.
- Mataki na 4: guntaye 256, kowane santimita 1, jimilla 256.

A kowane mataki tsawon yana ƙaruwa da sulusinsa. Farkon layin da ƙarshensa ba su motsa ba, har yanzu santimita 81 ne tsakaninsu, amma hanyar da ke haɗa su tana ta tsawo, kuma babu adadin da ba za ta wuce ba idan aka ci gaba. Wannan ita ce matsalar bakin tafki, an tsara ta a takarda.

Idan aka fara da alwatika mai gefe uku daidai, aka yi wa kowane gefe wannan aiki, sai a sami siffa mai kama da tauraro mai ƙayoyi, wadda ake kwatantawa da ƙwayar dusar ƙanƙara. Kewayenta ba ya daina ƙaruwa, amma filin da ke ciki ba zai taɓa wuce kashi 8 bisa 5 na filin alwatikar farko ba. Kamar gona ce da mutum zai iya nome ta da hantsi, amma duk karan duniya ba zai isa a yi mata danga ba.

*Alwatikar Sierpinski.* Waclaw Sierpinski ɗan ƙasar Polan ya bayyana ta a 1915:

1. Zana alwatika mai gefe uku daidai.
2. Sa ɗigo a tsakiyar kowane gefe, ka haɗa ɗigogin uku. Alwatikar ta kasu huɗu.
3. Cire ta tsakiya, wadda kanta ke kallon ƙasa. Saura uku.
4. Yi wa kowace ɗaya daga cikin ukun haka, ka ci gaba.

Yawan alwatikun da suka rage yana tafiya 1, 3, 9, 27, 81. Filin kuwa raguwa yake yi, domin a kowane mataki rubu'i ake cirewa. In an fara da fili mai awo 256, sai ya koma 192, sannan 144, sannan 108, sannan 81. Bayan mataki 10 abin da ya rage bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Duk kusurwar da ka duba cikin ukun, hoton dukkan alwatikar ne a rabin girmanta.

Lambar da ke auna cukurkuɗewa

Tunda tsawo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, da me za a kwatanta gaɓa da gaɓa? Masana suna duba yadda siffa take cika fili. Mu bi a hankali.

Ɗauki igiya. In kana son ninka tsawonta biyu, igiyoyi 2 irinta kake bukata. Ɗauki tabarma mai tsawo da faɗi daidai. In kana son tsawonta da faɗinta duka su ninka biyu, tabarmi 4 za ka jera. Ɗauki dunƙulen sukari mai ƙanƙara. In kana son tsawo da faɗi da tsayi duka su ninka biyu, dunƙule 8 za ka tara. Ka ga 2 biyu ce sau ɗaya, 4 ita ce 2 × 2, 8 kuma 2 × 2 × 2. Shi ya sa ake cewa layi yana da awo 1, shimfiɗa tana da awo 2, abu mai jiki yana da awo 3.

To alwatikar Sierpinski fa? In kana son ninka girmanta biyu, guda 3 kake bukata, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Uku ta fi 2 na igiya, ba ta kai 4 na tabarma ba. Ashe awonta yana tsakanin 1 da 2, kuma lissafi ya nuna kimanin 1.58 ne. Layin Koch, wanda ke bukatar guda 4 kafin ya ninka uku, awonsa kimanin 1.26 ne. Daga alƙaluman Richardson, gaɓar yammacin Birtaniya mai yawan lunguna ta ba da kimanin 1.25, gaɓar Afirka ta Kudu mai santsi kuma ta ba da kimanin 1.02. Idan lambar ta kusanci 1, layin ya kusa miƙewa. Idan ta doshi 2, layin ya cukurkuɗe har ya kusa rufe filin da yake kai.

A cikin ƙirji da cikin ƙasa

Duk wanda ya taɓa gyara huhun rago ranar Babbar Salla ya ga yadda maƙogwaro yake rabuwa biyu, kowane ya shige ɓangare ɗaya ya ci gaba da rabuwa. A jikin mutum hanyar iska tana rabuwa kimanin sau 23, kamar goruba da aka kifa kanta ƙasa. A ƙarshen rassan akwai ƙananan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, inda iska ke haɗuwa da jini. Da za a buɗe su a shimfiɗa, za su rufe kimanin murabba'in mita 70, wato fiye da ɗakuna huɗu masu mita huɗu-huɗu. Duk wannan shimfiɗa tana cikin ƙirjin da mutum ke rufewa da taguwa ɗaya. Jijiyoyin jini ma haka suke rarrabuwa, daga babbar da ta fito daga zuciya har zuwa waɗanda suka fi gashi siranta. Saiwar itace tana yin haka don neman ruwa, rassa kuma don neman rana. Ko ina amfanin ɗaya ne: a kai ga wuri mai yawa daga cikin ɗan ƙaramin muhalli.

Ruwa yana yin irin wannan zane, sai dai shi haɗuwa yake yi maimakon rabuwa. Bayan an ɗauke ruwan sama, ku duba tsakar gida: 'yan siraran hanyoyi suna haɗuwa su zama ɗaya, ta bi ta rariya. A bayan gari ƙoramu suna haɗuwa su zama rafi. A taswira kuma, Gulbin Maraɗi yana zuba a Rima, Rima ya haɗu da Kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara. Hoton tsakar gida da hoton da aka ɗauko daga sama zane ɗaya ne, girma ne ya bambanta.

Akwai bambanci biyu tsakanin firaktal ta takarda da ta halitta. Na ɗaya, ta takarda ba ta da ƙarshe, ta halitta kuwa tana tsayawa: zogale a hawa na uku, huhu a wajen na 23. Na biyu, a takarda ƙaramin ɓangare kwafin babba ne sak, a halitta kuwa kamanni ne kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Babu reshe biyu na kuka da suke daidai, amma kowa ya ga reshen ya san na kuka ne.

A hannun mutane

Wani malami ɗan Amurka, Ron Eglash, ya lura da wannan tsari a hotunan garuruwan Afirka da aka ɗauka daga sama, ya zo ya yi bincike, ya fitar da littafi a kan firaktal a Afirka a 1999. Cikin misalansa akwai Logone-Birni, garin Kotoko da ke arewacin Kamaru a bakin kogin Logone, inda gidaje masu kusurwa huɗu suke ɗauke da wasu masu kusurwa huɗu a cikinsu, har fadar sarki. Akwai kuma ƙauyukan Ba'ila a kudancin Zambiya: gari zobe ne, kowane gida a jikin zoben shi ma zobe ne, gidan sarki kuma ƙaramin hoton garin ne a cikin garin. Ya kawo misali da kitso, inda kowace saƙa takan ɗan fi ta gabanta ƙanƙanta har layin ya sirance.

A nan sai a yi hattara. Ba kowane ado mai maimaituwa ne firaktal ba. Zanen tabarma da ke dawowa da girma ɗaya daga wannan baki zuwa wancan maimaici ne kawai. Sai siffar ta dawo a cikin kanta, babba da matsakaiciya da ƙarama, sannan ta shiga wannan aji.

Abin da kwamfuta ta ƙara

Hannu yakan gaji a mataki na huɗu ko na biyar, kwamfuta kuwa tana iya maimaita umarni sau miliyoyi. Ga irin umarnin da Mandelbrot ya ba ta: zaɓi lamba, ninka ta da kanta, ƙara lambar da ka zaɓa, sannan ka yi wa amsar haka. In ka zaɓi 1, za ka sami 2, 5, 26, 677, ta tsere ke nan. In ka zaɓi 0.2, za ka sami 0.24, sannan kimanin 0.26, sannan 0.27, ba za ta taɓa kai 0.28 ba. Da aka gwada wannan da wasu irin lambobi waɗanda kowace ke wakiltar ɗigo a kan shimfiɗa, aka baƙanta waɗanda ba su tsere ba, sai wata siffa ta fito wadda ake kira da sunan Mandelbrot. Ya ga hotunanta a 1980. Duk yadda aka faɗaɗa bakinta sababbin ƙawace-ƙawace ake gani, kuma can a cikinsu ana ta cin karo da ƙananan kamannin siffar farko.

A wannan shekara ta 1980 Loren Carpenter, ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, ya nuna ɗan gajeren fim na duwatsu da kwaruruka waɗanda kwamfuta ta zana ta hanyar farfasa alwatika zuwa ƙanana. Daga nan dabarar ta shiga finafinai da wasannin kwamfuta. A 1988 kuma Nathan Cohen a Amurka ya lanƙwasa eriyar rediyo a siffar firaktal. Doguwar waya ta shiga ɗan ƙaramin wuri, dabarar huhu ke nan a jikin ƙarfe.

Taƙaitawa

- Firaktal siffa ce da ɓangarenta yake kama da dukkanta, daga babba zuwa ƙarami.
- Ana samun ta ne ta maimaita gajeren umarni sau da yawa.
- Tsawon layi mai lunguna yana ƙaruwa idan ma'auni ya ƙanƙanta.
- Awon firaktal yakan faɗo tsakanin cikakkun lambobi, kamar 1.26 ko 1.58.
- Ta lissafi ba ta ƙarewa, ta halitta tana da iyaka.

Tambayoyi

1. Wane ne ya ƙirƙiro kalmar firaktal, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa Sifen da Fotugal suka sami tsawo daban-daban na iyaka ɗaya?
3. Idan reshe yana rabuwa biyu kowane lokaci, rassa nawa za a samu bayan rabuwa 6?
4. An fara layin Koch da santimita 27. Nawa ne tsawonsa a mataki na 1, na 2 da na 3?
5. Alwatika nawa suka rage a mataki na 5 na zanen Sierpinski?
6. Me ya bambanta zanen tabarma da ganyen zogale?

Aikin yi

1. Ku kasu rukuni uku. Ku ja layi mai lanƙwashe-lanƙwashe da yawa a kan rairayi, tsawonsa ya kai kamar taku goma. Rukuni na farko ya auna da sanda mai santimita 100, na biyu da mai 50, na uku da mai 10. Ku mayar da amsoshin zuwa santimita, ku rubuta a allo, ku tattauna bambancin.
2. Kowa ya zana alwatikar Sierpinski har mataki na 3 a takarda ɗaya. Ku jera takardu uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Wane mataki kuka samu? Takardun mutum nawa ake bukata don mataki na gaba?
3. Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya kawo abu ɗaya daga gida ko gona ko kasuwa wanda yake ganin yana maimaita kansa, kamar kan dawa ko saiwar ciyawa ko busasshen reshe. Ya nuna wa 'yan aji babban, ya tsinko ƙaramin, ya ƙirga hawa nawa tsarin ya yi kafin ya tsaya.